Goggo Giok-ki Mai Kiran Sunayen Gidan Kwa

Goggo Giok-ki ba ta taɓa karanta ko takardar magani ba, amma shekara hamsin da bakwai ba a buɗe littafin kakannin gidan Kwa a garin Lokkang sai tana tsaye a wurin. Ƙanwar babana ce. Ba ta yi aure ba, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace a gidan mijinta ake rubuta ta. Wadda ta mutu ba miji ba ta shiga littafin gidan ubanta, ba a kiran sunanta ranar Tangce da ake ciyar da kakanni a tsakiyar sanyi, ba a ajiye mata kwano. Sai dai a kai allon sunanta wani ɗakin ibada a bayan gari, a jera shi cikin na baƙi.

Goggo ta san wannan sarai, amma bai taɓa hana ta barci ba. In wata maƙwabciya mai shisshigi ta taɓo zancen, sai ta taɓe baki.

"Ku ji da naku gidan. Namu ba haka yake ba. Baba ya rubuta Giok-yan, ita da ta tafi tana shekara shida. In an rubuta ƙanwata, ni wa zai hana?"

Giok-yan ce autarsu, zazzaɓi ya ɗauke ta a shekarar da jiragen yaƙi suka kori mutanen gari zuwa ƙauye. Sunanta na cikin waɗanda ake kira kowace shekara, na talatin da takwas. A kan wannan suna Goggo ta jingina bayanta duk tsawon rayuwarta.

Kakana malamin littattafai ne, na tsohon yayi, mai koyar da haruffan Sin da muryar Taigi, harshenmu na gida. A ɗakin baya yake zaunar da almajiransa, maza zalla. Goggo kuwa a lungun da ke jikin bangon katako take zama tana murza turaren tsinke na sayarwa, tun tana shekara bakwai. Idonta bai ga allo ba, amma katako ba ya tare murya. Duk abin da ɗaliban suka yi ta nanatawa har ya gundure su, ya zauna mata a ka daram. Kunne ya girmi kaka, in ji masu magana. Nata kunnen ya girmi na 'yan'uwanta maza ukun da aka kai makaranta.

Da Kaka ya rasu, babana Cun-hong ne babba, shi aka miƙa wa littafin. Karatunsa na Japananci ne, daga baya ya ɗora Mandarin, harshen gwamnati. Haruffan duk ya san su, ma'anarsu ma ya sani. To amma harafi a Taigi ba murya ɗaya gare shi ba. Akwai muryar littafi, akwai ta kasuwa. Harafin ruwa "sui" ne a littafi, "cui" a kasuwa. Sunan mutum kuwa ba ya bin doka, yadda uwarsa ta kira shi haka yake, wani rabi littafi rabi kasuwa, kuma takarda ba za ta gaya maka ba. Sai wanda ya ji.

Baba ya karanta sunayen yana gumi cikin sanyi. Da ya gama ya jefa puwe, 'yan katakon nan biyu da ake tambayar kakanni ko sun iso sun ci. Ɗaya a kife ɗaya a buɗe shi ne sun amsa. Duka biyun suka kife. Ya sake karantawa, ya sake jefawa, suka sake kifewa. A na uku baffanni suka fara gyaran murya, abinci yana ta hucewa a kan teburi. Sai ga muryar Goggo daga ƙofar kicin.

"Yaya, Cui-bok ne. Kana ta kiran Sui-bok. Ko matarsa ba ta san shi da wannan sunan ba."

Wani baffa ya daka mata tsawa, wai yaushe mata suka fara sa baki a gaban teburin kakanni. Kunnuwan Baba suka yi ja wur. Can ya ce, "Saura kuma fa?" Ta jero masa su duka, daga na farko har na ƙarshe, da amon Kaka da inda yake ja da inda yake sauke numfashi. Baba ya bi ta. Jifa ɗaya puwe suka amsa.

Daga ranar aka yi tsari. Goggo tana tsayawa bayan ginshiƙi tana raɗawa, Baba yana riƙe da littafi yana maimaitawa da ƙarfi. Shekara arba'in da ɗaya suna haka. Da Baba ya rasu, yayana Bun-tiong ya karɓi littafin, shi kuma ko maimaitawar ta gagare shi, harshensa sai ya zame zuwa Mandarin. Goggo ta fito daga bayan ginshiƙi ta riƙa kira da kanta. Baffannin da za su hana duk sun shiga littafin.

Zancen aurenta gajere ne. Wani tela daga Cionghua ya nema, mutumin kirki, ya jira shekara biyu. A lokacin uwarta na kwance rabin jiki a shanye, matan 'yan'uwanta kowacce da nata uzurin. Telan ya gaji ya auri wata. Uwar ta ƙara shekara goma sha ɗaya a kwance. Goggo ta wuce masana'antar turare a bakin haikali, ta yi aiki har yatsunta suka rine ja, jan da ko sabulu ya haƙura da shi.

Ni kuwa, Le-hun, malamar firamare ce shekara talatin. Ban iya ɓoye-ɓoye ba, gara in faɗa da bakina: a farkon aikina ni ma na rataya wa yara allo a wuya don sun yi Taigi a aji, kamar yadda aka rataya mini. Goggo ta ji labari a kasuwa. Tun daga ranar ba ta sake kirana A-hun, sunana na gida, ba sai in ba ta da lafiya. "Malamar gwamnati" ta laƙaba mini, kuma ta iya faɗarsa yadda zai shiga ƙashi.

A Tangce ɗin da ta cika tamanin da huɗu, tana cikin kira, a suna na goma sha tara, sai ta tsaya. Bakinta a buɗe, idonta na kallon hayaƙin turare. Bai fi a ƙirga goma ba ta kamo zaren ta ci gaba, amma ni da Yaya muka kalli juna. Washegari ya kira ni.

"Ke ce malama. Je ki zauna da ita ki kwashe sunayen nan kafin a yi abin kunya."

"Ni da aka aurar gidan wasu? Littafin a hannunka yake."

"Haba Le-hun. Na ce mata in ɗauki muryarta a waya, ta kusa jifata da kofi."

Na tambayi Goggo dalili. Ta ce, "Kakanninki kin taɓa jin sun ɗaga waya? Mutum mai numfashi ne zai kira su."

Haka na fara zuwa duk Talata da hantsi. Na sa aka ɗauko mini hoton shafukan, ina bin harafi da yatsa, ita tana faɗa, ni ina rubuta muryar a gefe da baƙaƙen boko. Ba ta iya farawa daga tsakiya, sai daga kakan farko da ya ƙetaro teku, don haka duk kuskuren da na yi sai mu koma sama. Kuma na yi su da yawa.

"Twa-san," in ji ni.

"Tabɗi! Tai-san. Mutum mai gemu har ƙirji kin mai da shi ɗan dako. Shekara talatin kina cin albashin karatu, ashe kurma aka ɗauka."

"To Goggo, wancan na sama ai Twa kika ce, kuma harafin ɗaya ne."

"Wancan uwarsa mai sayar da kifi ce. Wannan ubansa malami. Sai ki je ki raba musu gardama."

Nakan ji haushi, don ni ma ba kanwar lasa ba ce. Sau biyu na tattara takarduna na ce na fasa. Sai ta turo mini kwanon dunƙulen shinkafa mai zaƙi ta ce in ci in daina kumburi. Kowane suna da labarinsa a bakinta: wanda ya nutse, wanda ya sayar da gona ya sayi tsuntsu, matar da ta haifi goma ta binne takwas. A hankali muke tafiya, suna uku ko huɗu a mako, don takan gaji. Ban taɓa jin daɗin zama da ita kamar a watannin nan ba, kuma ina baƙin cikin sai da ta tsufa na sani.

A wata na huɗu muka kai na talatin da bakwai, ƙanen Kaka. Na rubuta. Goggo ta ja numfashi, muryarta ta yi laushi kamar yadda take yi duk shekara a wannan gaɓa.

"Giok-yan."

Yatsana ya sauka kan harafi na gaba. Sunan Kaka ne. Na koma baya na ƙirga, na juya shafi, na duba gefe ko an maƙala shi da ƙananan haruffa. Babu. Daga ƙanen Kaka sai Kaka, tawada ɗaya bayan ɗaya, ko gurbin da za a ce an goge babu. Goggo tana kiran arba'in da huɗu, littafi na ɗauke da arba'in da uku.

Nan take na gane abin da ya faru. Kaka bai iya karya doka da alƙalami ba, sai ya karya ta da baki, ya riƙa saka 'yarsa a tsakanin sunaye yana kallon takarda kamar karantawa yake. Babana kuma, da yatsansa a kan wannan layin shekara arba'in da ɗaya, ya ji raɗar daga bayan ginshiƙi, ya ga babu, ya maimaita da ƙarfi bai taɓa cewa uffan ba.

"Kin yi shiru," in ji Goggo. "Wannan ma sai an koma sama?"

"A'a, na rubuta."

"To nuna mini. Ban taɓa cewa a nuna mini ba, kunya nake ji a gaban maza. Yanzu mu biyu ne. Ina so in ga yadda take a takarda."

Na ce hoton bai fito sosai ba, tawadar wurin ta koɗe. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Tawadar Baba? Ni nake niƙa masa ita."

Ta miƙe da ƙyar ta jawo aljihun teburi, ta ɗauko ɗan hatiminta na katako, wanda take buga wa takardun asibiti a madadin sa hannu. Haruffa uku ne kawai ta sani a duniya, na sunanta, kuma na tsakiya shi ne Giok, wanda suka haɗa da ƙanwarta. Ta buga shi a bayan hannunta, ta ɗauki gilashin ƙara girma, ta jawo shafukan gabanta. Na ce Goggo bari, ta ce in rufe mata baki. Layi layi ta bi, tana duban hannunta tana duban takarda. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Shayi ya huce, mai tallan tofu, wato awara, ya wuce ya dawo. Ni ina zaune kamar an dasa ni, ina jin kunyar iya karatu.

Da ta gama ta ajiye gilashin a hankali.

"Bai rubuta ba."

"Goggo, ai ya kira ta. Duk shekara. Baba ma ya kira."

"Bai rubuta ba," ta sake cewa. Ta shafa jan hatimin da babban yatsa har ya dame. "A-hun, tafi gida. Na gaji."

Talatar da ta biyo ta karɓe ni kamar ba abin da ya faru, har da tsokana. Muka fara daga sama. Da muka iso ƙanen Kaka, sai ta zarce zuwa Kaka kai tsaye. Na ce ta tsallake ɗaya.

"Ban tsallake ba. Abin da ke littafi aka ce ki koya."

Wannan ya fi yi mini ciwo a kan komai. Shekara saba'in da wani abu sunan yarinyar nan bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, sai da na zo da yatsana da ilimina.

Ban tsaya ba, na wuce wurin Yaya Bun-tiong a shagonsa na kayan lantarki. Na ce ya ɗauko alƙalami ya rubuta Giok-yan, ya kuma yi alkawarin rubuta Goggo in lokaci ya yi. Gidaje nawa ne yanzu suke yi? Yaya ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma matsoraci ya fi mugu wuyar sha'ani.

"Ni ba ni da matsala. Amma kin san abin da ake cewa, mace marar aure a teburin kakanni tana jawo wa gida tsiya. In ɗan wani ya faɗi jarrabawa, ni za a nuna."

"Matar da ta ciyar da kakannin nan shekara hamsin da bakwai? Ba don ita ba da yunwa ta kashe su karo na biyu!"

"Daina ihu, akwai masu saye. Sai a tambaye su. In sun yarda, shi ke nan."

Ranar sha biyar ga wata muka je gaban teburin, ni da shi da Goggo a kujera. Ya kunna turare, ya yi tambayar da guntun Taiginsa yana cakuɗawa da Mandarin. Ya jefa. Duka biyun suka faɗi a buɗe, abin da muke cewa kakanni suna dariya, ba e ba a'a. Ya sake, suka sake dariya. Na ce ya bari Goggo ta tambaya da harshen da suke ji. Ta girgiza kai.

"Mutum ba ya roƙa wa kansa kwano."

A jifa na uku suka kife. Yaya ya sauke ajiyar zuciya, na ji shi da kunnena. Ya ce a bari sai baɗi a sake gwadawa. Na buɗe baki, Goggo ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale shi, A-hun. Ni na san su duka. Ba su taɓa son a canza musu wurin zama ba."

Bayan mako biyu ta sa na kai ta wani ɗakin ibada na mata masu cin ganye, waɗanda ba sa cin nama, a hanyar gonakin shinkafa. Allunan matan da ba su da gida suna jere a bango har sama. Ta zaga da sandarta tana duba su kamar mai zaɓen kabeji, ta nuna wani gurbi kusa da taga ta ce nan ya fi iska. Ta tambayi matar da ke kula da wurin da wane harshe suke kiran sunaye. Matar, wata 'yar kirki mai murmushi, ta ce suna da yawa, ba a kira ɗaya ɗaya, addu'a guda ake yi musu duka.

"Af, to," in ji Goggo. "Ba za a yi kuskuren suna ba ke nan."

Ta ƙarasa mini sauran sunayen kafin zafi ya shigo. Ta sa na jero su sau uku ba tuntuɓe, sannan ta ce, "Ba laifi. Muryarki kamar ta mai sanarwa a tashar jirgi, amma za su gane." A wata na tara ta kwanta, kwana shida, ta tafi. Muka kai allonta gurbin nan na kusa da taga. Baɗin da Yaya ya ce bai sake tayar da shi ba.

Tangce ta zo. Gida ya cika, mutum talatin da ɗaya na ƙirga, daga Taipak, daga Kohiong, har da jikokin da suka zo daga ƙasar waje. Aka jera kwanoni, aka kunna turare. Yaya ya buɗe littafi ya tsaya kusa da ni, yatsansa a kan layin farko. Na fara. Sunayen suka riƙa zuwa da kansu, Cui-bok, Tai-san, kowa da muryar da uwarsa ta ba shi.

Na kira ƙanen Kaka. Na ja numfashi na ce, "Giok-yan." Na wuce Kaka, na wuce Baba, na kai na ƙarshe a littafi. Sannan na ɗaga murya yadda na bayan ɗaki zai ji, na ce, "Kwa Giok-ki."

Na tsaya ina jira. Na zo da shirin faɗa, na kwana biyu ina tanadin amsar da zan ba duk wanda ya ce wa ya ba ni izini. Na so wani ya daka mini tsawa kamar yadda baffan nan ya daka mata. Na so ko mutum ɗaya ya ce, wannan ai ba ya cikin littafi.

Babu wanda ya ɗago kai. Goggo kawai suka san ta da shi, yaran kuma in sun ga sunanta a takarda da Mandarin suke karantawa. Yatsan Yaya yana can shafin baya, tun tuni ya ɓace bai sani ba. Da ya ji na yi shiru sai ya rufe littafin, ya dafa kafaɗata.

"Sannu, Le-hun. Daidai da littafi, ko ɗaya ba ki bari ba."

Ya sunkuya ya ɗauki puwe. Ban tsaya ganin yadda za su faɗi ba. Na shiga kicin na tsaya a bayan ƙofa na yi kukana, har matar Yaya ta leƙo ta tambaye ni inda aka ajiye manyan cokula.